Dagaci ya ce “to, za a duba”, amma shiru: in tsallake shi?

“Assalamu alaikum Baba. Bara aka ba ni shugabancin wata makarantar firamare a wani ƙauye nesa da garinmu. A aji ɗaya da aji biyu 'yan mata sun cika aji, amma kafin a kai aji biyar sai su riƙa zubewa ɗaya bayan ɗaya, wasu talla, wasu aure, wasu haka kawai. Sau biyu ina zuwa fadar dagaci, na yi bayanin amfanin ilimin 'ya mace, har dokar gwamnati na karanta musu. Ya karɓe ni hannu bibbiyu, ya ce to, za a duba, Allah ya yi albarka. Yau wata biyar ke nan babu abin da ya canza. Shin wasa yake yi da hankalina? Ko in kai maganar gaban hakimi ko sakataren ilimi?”

Wa alaikumus salam wa rahmatullah, 'yata. Allah ya saka miki da alheri, domin ba kowane shugaban makaranta ne yake ƙirga yaran da suka daina zuwa ba, balle abin ya dame shi har ya nemi shawara.

Tambayarki kashi biyu ce. Na farko, me dagaci yake nufi da “to, za a duba”. Na biyu, ko ki tsallake shi ki tafi sama. Na biyun amsarsa gajera ce: kada ki tsallake shi yanzu, kuma zan faɗa miki lokacin da hakan yake zama dole. Na farkon ne yake buƙatar zama, don na shafe mafi yawan shekarun aikina a sashen ilimi na ƙaramar hukuma ina yawo daga wannan zaure zuwa wancan, kuma na daɗe ina jin wannan “to” ɗin kafin in gane abin da ke ƙarƙashinsa.

Abin da ya rage a hannun dagaci

Mu ma'aikata mukan shiga fada da tunanin dagacin zamanin En'e, wato hukumar gargajiya da sarakuna suke mulki da ita tun zamanin Turawa. A wancan lokaci shi ne yake tara haraji da jangali ya miƙa wa hakimi, a bayansa kuma akwai dogarai da 'yan doka da kotun alƙali. Idan aka ce kowane gari ya kawo yara kaza makarantar boko, kawowa ake yi ko ana so ko ba a so, har iyaye suna ɓoye 'ya'yansu a rumbu ko su tura su gabas karatun allo. Tsofaffin garinku ba su manta da wannan ba. Amma tun ƙarshen shekarun 1960 gwamnatin soja ta karɓe 'yan doka da kotuna daga hannun sarakuna. Gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya miƙa mulkin yau da kullum ga ciyamomi da kansiloli. A 1979 gwamnatin Abubakar Rimi a Kano da ta Balarabe Musa a Kaduna suka soke haraji da jangali. Tsarin mulkin 1999 kuwa bai ware wa masu sarauta wani aiki ba.

Abin da ya rage a hannunsa shi ne girma da jin magana. Da su yake raba rigimar iyakar gona, da su yake sasanta miji da mata, da su yake shiga tsakanin manomi da makiyayi idan shanu sun yi ɓarna. Ba shi da wani jari sai wannan, kuma jari ne mai saurin zubewa. Ranar da ya tara gari ya ce kowa ya mayar da 'yarsa makaranta, aka watse ba wanda ya mayar, gobe idan ya kira mutum biyu kan rikicin gona ɗayansu zai iya ƙin zuwa. Saboda haka abin da kika je nema a fada, ko kin sani ko ba ki sani ba, aron girmansa ne. Mai ba da aro kuma sai ya auna ko kayansa za su dawo lafiya. Yana duban ki yana lissafi: wannan malama baƙuwa ce, shekara mai zuwa ana iya yi mata canjin wurin aiki, ni kuwa a nan za a binne ni. Baƙo raɓa, ɗan gari kaba.

Don haka ban ɗauki “to” ɗinsa a matsayin yaudara ba. Ma'anarsa: na ji, na girmama ki, ban ɗau alkawari ba. Mai sarauta ba ya kallon idon baƙo a gaban fadawa ya ce masa a'a, musamman baƙuwa mace da ta zo da maganar alheri. Akwai alamun da nake gane “to” na gaske da su. Zai ambaci sunan mutum da rana, ya ce wa wakilinsa, “Ka kira mini masu unguwanni ranar Laraba.” Ko ya fara yi miki tambayoyi. Ko ma ya yi miki gardama. Dagacin da ya tsaya yana musu da ke ya fi kusa da taimakonki fiye da wanda ya yi ta gyaɗa kai, domin mai musun ya fara ɗaukar maganar tamkar tasa.

Kin yi bayani, amma kin yi tambaya?

A wasiƙarki kin ce kin yi bayani kuma kin karanta doka. Ban ga inda kika ce kin tambaye su dalili ba. Ba laifinki nake gani ba, ni ma da haka na fara. Gaskiya ne dokar ilimin bai-ɗaya (UBE) ta 2004 ta ce karatun shekara tara kyauta ne kuma tilas. Sai dai idan aka karanta ta a fada, kunnen dattijo barazana yake ji, sai ya tuna da zamanin ɓoye yara a rumbu.

Akwai wani zama da ya canza mini aiki gaba ɗaya. Mun je wani gari bayan la'asar, aka shimfiɗa tabarmi a gindin darbejiya a ƙofar gidan dagaci, na miƙe na yi jawabi mai tsawo kan ilimin mata. Kowa ya ce madalla. Wani dattijo yana can gefe yana tufka igiyar rama, bai ɗaga kai ba har na gama. Sai ya ƙwala wa jikansa kira, yaro ɗan aji shida, ya zaro katin asibiti daga aljihu, a naɗe cikin leda, ya ce, “Karanta wa malam.” Yaron ya riƙe katin, ya juya shi, ya sake juyawa, ya sunkuyar da kai. Dattijon ya karɓe kayansa ya mayar aljihu ya ce, “Malam, shekara shida ke nan yana zuwa. Wannan namiji ne, na haƙura. So kake in ƙara maka da macen?” Ba wanda ya yi dariya, ni kuma ba ni da amsa. Da na koma na bincika, sai na tarar malaman da ke takarda ba su ne malaman da ke aji ba, wasu sai sau biyu a mako ake ganin su. Daga nan muka fara, ba daga iyaye ba. Sai da mutanen garin suka ga malamai na zuwa kullum, sannan dagacin da kansa ya aiko a ce mini in dawo mu yi maganar 'yan mata.

Ki lura da wani abu a garinku. Je ki Islamiyya da yamma, ina kyautata zaton za ki tarar da yaran nan da suka bar ki suna zaune a can da hijabansu, har da waɗanda suka girme su. Iyayen da suke tura 'yarsu can kullum ba za a ce suna ƙin karatun mace ba. Abin tambaya shi ne me Islamiyya take da shi da ke ba ki da shi. Malaminta ɗan gari ne, an san gidansu. Lokacinta bai ci karo da aikin gida ba. Sakamakonta kuma ana ganinsa, yarinya ta dawo gida tana karanta sura, wata rana a yi walimar sauka.

Dalilan da na fi ji a zauruka kaɗan ne, kuma kusan duka masu nauyi. Makaranta ba banɗaki, ko akwai amma ba ƙofa, yarinyar da ta fara girma kuwa ba za ta zagaya bayan aji maza na kallo ba. Wannan dalili babu uban da zai furta shi a fada. Ba malama mace, ko da yake zuwanki ya rage wannan. Sai tambayar da ta fi kowace: idan ta gama aji shida, ina za ta? Idan ƙaramar sakandare tana wani gari mai nisa, hanya ta daji, uba yana ganin ba amfanin aji biyar da shida tunda nan ne ƙarshe. Kuma bayan sace 'yan mata 'yan makaranta da aka yi a Chibok a 2014, da Dapchi a 2018, da Jangebe a 2021, wanda ya ce yana tsoron tura 'yarsa makarantar kwana ba uzuri yake nema ba.

Talla ba maganar fada ba ce

Ita talla sai an fahimci yadda take aiki. Matar da ke cikin kulle tana soya ƙosai ko awara, tana yin ƙuli-ƙuli, tana dama fura, amma ba ta fita. 'Yarta ce ƙafarta zuwa kasuwa. Daga ribar nan ake zubin adashi, daga adashin ake sayen kwanuka da katifa da gado, kayan ɗakin ita yarinyar da kanta. Uwar da ta kai 'yarta ɗakin miji ba kayan kirki ta san gorin da za a yi musu su biyun. Idan kika ce a daina talla, a kunnen uwa kin ce ta rufe sana'arta ta kuma kunyata 'yarta ranar biki. Dagaci ya san wannan sarai, kuma ya san umarninsa ba ya wuce zaure ya shiga tsakar gida a kan irin wannan magana.

A nan ne kike da abin da ni ban taɓa samu ba. Ni iyakata zaure, ke kuwa da sallama kin shige har ɗaki. Shugabannin gari ba masu rawani ne kaɗai ba. Akwai ungozoma, wadda ta yanke cibiyar rabin yaran ajinki. Akwai uwar adashi, wadda ta san halin aljihun kowane gida. Akwai malamar da matan aure ke zuwa karatu wurinta, akwai uwargidan dagaci, wadda maganarta take isa kunnensa da daddare ba tare da fadawa ba. Ki halarci suna, ki je gaisuwar mutuwa, ki zauna a yi tsince-tsincen wake da ke. A irin wannan zama ne wata za ta gaya miki gaskiyar abin da ya sa 'yarta ta daina zuwa. Mafitar da na ga tana aiki ba hana talla ba ce, daidaita lokaci ne: yarinya ta zo makaranta da safe, ta ɗauki farantinta bayan an tashi, ranar kasuwa kuma a sassauta. Wasu iyaye mata sun riƙa kawo abin sayarwarsu bakin makaranta lokacin tara, ciniki bai tsaya ba, yarinya kuma tana aji.

Liman

Kada ki je wa liman da wa'azi, ya fi ki sanin ayar da hadisin. Ki je da tambaya: “Allah gafarta Malam, yaran nan suna bari tun ba su iya karanta takardar magani ba, me kake ganin ya dace mu yi?” Ki bar shi ya kawo hujjar da bakinsa. Malamanmu sun san tarihin Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wadda ta rasu a 1864, da tsarinta na 'yan taru, inda shugabannin mata da ake kira jaji, masu sanye da malfa, suke zuwa daga ƙauyuka su ɗauki karatu su koma su koyar da mata a gidajensu. Idan shi ya ambaci wannan a huɗuba ko a wurin ɗaurin aure, ya fi jawabina goma.

Shi ne kuma ƙofar maganar aure. Ba na ba ki shawarar ki tsaya a gaban gari ki ce kada a aurar da yara, za a rufe miki ƙofa har a kan abin da da za ki samu. Abin da ya fi yiwuwa shi ne a jinkirta har ta kammala, ko a sa sharaɗin ci gaba da karatu tun lokacin baiko, a gaban waliyyai da liman. Sharaɗin da aka yi a gaban liman yana da wuyar karyawa, ko da yake na ga inda aka karya.

Idan kina son ganin nauyin waɗannan mutane, ki tuna da rigakafin shan inna. A 2003 aka dakatar da shi a Kano da wasu jihohin arewa saboda zargin an gurɓata maganin, kuma zargin ya sami gindin zama ne domin mutane ba su manta da gwajin maganin Trovan da aka yi wa yara a Kano a 1996 lokacin annobar sanƙarau ba. An dawo da rigakafin a 2004, amma dawowar takarda daban, buɗe ƙofar gida daban. A 2009 Sarkin Musulmi Muhammadu Sa'ad Abubakar ya kafa kwamitin sarakunan arewa kan kiwon lafiya a matakin farko, aka wayi gari mai unguwa yana tafe gaban ma'aikata gida-gida. Sannan aka saurari ƙorafin da iyaye suka daɗe suna yi, cewa ana bin su har gida da ɗigon shan inna kyauta alhali ba maganin zazzaɓi a asibiti, aka fara haɗa rigakafin da duba marasa lafiya da ba da magunguna. A 2020 aka bayyana Afirka ta rabu da ƙwayar cutar ta asali. Abu biyu ne suka haɗu a nan: an shiga ta hannun 'yan gari, an kuma amsa abin da ya dami mutane kafin a nemi su amsa abin da ya dami gwamnati.

Zuwa na uku

Wannan karon kada ki je lokacin da fada ta cika. Ki nemi wani dattijo da dagaci yake jin nauyinsa, ko shugaban kwamitin makaranta na SBMC idan yana da rai ba a takarda kawai yake ba, ya nema miki ganawa ta mutum uku ko huɗu. Kada ki sa ranar kasuwa, kada ki sa lokacin shuka ko noman farko, hankalin kowa yana gona. Ki riƙe goro, ki cire takalmi, ki gaisa har gaisuwa ta ƙare, ki tambayi iyali da damina. Sannan ki ce, “Ranka ya daɗe, na zo sau biyu na yi magana, yau na zo a koya mini. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Me ya sa yaran nan suke bari?” Daga nan ki yi shiru. Shirun zai yi tsawo, kada ki cike shi. Idan ya fara da laifin makaranta, ko da laifin malamanki ne, kada ki kare, ki rubuta a gabansa.

Ki ɗauki ɗaya daga cikin ƙorafinsa wanda yake cikin ikonki, ki gyara shi kafin ki roƙi komai. Idan makarar malamai ce, ki tsaya a kai. Idan karatu ne, ki ware 'yan aji huɗu da biyar ki dage da su kan karatun Hausa na wata biyu ko uku, sannan ki gayyaci dagaci da liman da iyaye, ki sa yarinya ta miƙe ta karanta wasiƙa a gabansu. Gani ya kori ji.

Roƙonki kuma ya zama ƙarami, mai suna, wanda zai iya yi ba tare da ya saka girmansa duka a faranti ɗaya ba. “A taimaka wa ilimin mata” ba roƙo ba ne, ba wanda ya san ta inda zai kama shi. Amma “a kira gayya bayan kaka a buga tubali a zagaye banɗakin 'yan mata” roƙo ne. “Mai unguwar gabas ya raka ni gidaje huɗu” roƙo ne. Sunayen yaran da suka bari ki ba kowane mai unguwa nasa a keɓe, kada a karanta su a taro, domin uban da aka kunyata a bainar jama'a ba zai dawo da 'yarsa ba ko don kare fuska. Idan abu ya yi kyau, a ce aikin dagaci ne, ki faɗa a gaban mutane, ki kuma koma ki ba shi labari ko bai tambaya ba. Yawancin masu zuwa da takarda da biro ba sa komowa, kuma wannan na cikin abin da ya sa masu sarauta suka koyi cewa “to” su yi shiru.

Hakimi kuwa ki je masa tare da dagaci, ba a bayan idonsa ba. Idan kika kai ƙara, za a kira shi a yi masa faɗa, yara za su cika aji mako biyu, sannan su watse, ke kuma kin yi asarar mutumin da za ki buƙata gobe. In kuwa kuka je tare kuna gayyatar hakimi ya zo ya ga banɗakin da gari ya gina, kin ƙara masa girma ne a wurin na gaba da shi. Sakataren ilimi shugabanki ne, sanar da shi wajibi ne, amma ki kai masa abin da yake nasa: ƙarin malama mace, kujeru, maganar ƙaramar sakandare kusa. Inda ba a jira shi ne inda ake cutar da yarinya, kamar fyaɗe, ko duka mai raunatawa, ko auren dole da ya sa rayuwarta cikin haɗari. A nan ki sanar da hukuma nan take, ko ran wa zai ɓaci, musamman idan kika ga ana shirin rufe maganar da sunan sulhu.

Ba zan ɓoye miki ba, wannan hanya tana da iyaka. Akwai mai sarautar da siyasa ta cinye, akwai wanda ƙungiyoyi suka saba wa da kuɗin zama har ba ya motsi sai ya ga ambulan. Idan kika yi duk wannan har zango biyu ba alamar motsi, ki ci gaba da gaishe shi da ba shi girmansa, ki mayar da ƙarfinki wurin liman da mata. Akwai kuma gidan da ba a ɗora tukunya sai yarinya ta dawo daga talla, wannan zaman fada ba ya warkar da shi. Ba duka za su dawo ba, waɗanda aka riga aka aurar ma sai dai ajin manya idan kin samu sarari.

Ki fara da rajistar aji huɗu. Su ne ba su riga sun tafi ba. Ki fitar da sunayen waɗanda suka fara fashi, yau su zo gobe ba su zo ba, ki je wurin iyayensu mata a wannan makon, kafin ki sake taka ƙofar fada.